Gidan Da Ba A Shafa Wa Jan Fenti Ba

Shafi na 14

Assalamu alaikum masu bibiyar mutanen Unguwar Ɗorawa. Na ga saƙonninku, har da masu cewa in kashe Bitrus kowa ya huta. Haba jama'a, ko ta bakinsa ba ku ji ba! To yau za ku ji. Waɗanda suka riske mu a tsakiya kuwa, muna Funtuwa ne a shekarar 1964, cikin wata 'yar unguwa ta bakin gari, inda masu kuɗin auduga suka fara dasa gidajen siminti a tsakanin ɗakunan talakawa. Mun tsaya ne inda masu awon fili suka bi unguwar gida-gida da gwangwanin jan fenti, suna yi wa gidajen da za a rushe alama.

*

Liatu ta fito da tulu a kafaɗa, ta ƙudura a ranta ba za ta kalli katangar kowa ba. Idon ya ƙi yi mata biyayya.

Gidan Mairo mai waina, ga jan fenti ɗoɗar. Gidan maƙeri, ga shi. Gidan Buba da matarsa Barakatu, waɗanda ta haɗa katanga da su tun tana amarya, nasu har ya zirara ƙasa ya bushe. Tun daga gindin ɗorawa har bakin burtalin shanu, ba gidan da ya tsira a layin nan.

Sai nata.

Jiya da masu awon suka iso ƙofarta, tana tsaye da muciya a hannu, babbansu ya ɗaga kai ya dubi gidan, ya ce da masu fentin, "Ku wuce, ban da wannan." A gaban kowa ya faɗa. A lokacin har ta yi wa Ubangiji godiya a zuci. Yau kuwa da gari ya waye, ta gwammace a ce sun juye mata gwangwanin gaba ɗaya.

Tun daga nesa take jiyo hayaniyar mata a bakin rijiya. Tana isowa aka yi tsit.

"Ina kwananku?"

Ba wadda ta amsa. Sai ƙarar guga da ta bugi ruwa can ƙasa.

Ta sake cewa, "Jama'a, ina kwana?"

Mairo ce ta juyo, tana gyara ɗaurin zane.

"Lafiya lau, matar manya. Ai mun ɗauka kin daina shan ruwan rijiya. Ba a jawo muku famfo ba tukuna?"

Wasu suka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Wane irin famfo kuma, Mairo?"

"Irin na gidan maƙwabcinki akawu mana. Tunda ke ce za ki zauna cikin masu rufin kwano, ai sai ki koyi zamansu."

Liatu ta ajiye tulun a hankali. Ta juyo ta fuskanci Mairo.

"Ni ma ban san dalilin da ya sa suka tsallake mu ba."

"Ba ki sani ba?" Mairo ta tafa hannu. "To mu mun sani. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, matar akawun nan kullum ƙorafinta warin daddawarki na shiga mata labule. Da kunnena na ji ta. Amma ga shi mu da ba ma wari an ce mu tashi, mai daddawa an ce ta zauna. Ku ji mini ikon Allah!"

Wata daga baya ta ce, "Ai mai gidanta ke ɗora wa attajirin nan Alhaji Mudi bulo."

"Bulo kawai?" in ji Mairo. "Ran kasuwa a gidan gaba aka gan shi cikin motar Alhaji. Ba a baya tare da lebura ba, a gidan gaba, ya ɗora hannu a taga. Shi ya san iyakar kowane gida a unguwar nan, tunda shi ke mana yaɓe. Wa zai nuna musu in ba shi ba?"

"Mairo, ki ji tsoron Allah."

"Ni ce zan ji tsoron Allah? Ni da zan kwashi marayu da tanda ban san inda zan dosa ba?"

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar, ta kau da kai. Wannan ya fi habaicin yi wa Liatu ciwo.

Sai matan suka dare, suka ba da hanya.

Barakatu ce.

Kullum da safe sai ta ziro wa Liatu ludayin nono ta kan katanga kafin ta fita talla. Ita ta karɓi haihuwar Salome, 'yar fari ta Liatu, ranar da ungozoma ta tafi biki Kafur. Duk Kirsimeti akushin gidan Liatu ke fara shiga gidanta, duk Sallah nata ke fara fitowa. Yau ba ludayi, ba sallama ta kan katanga. Idanunta sun kumbura.

Ba ta ɗaga murya ba.

"Ƙawa, zo mu matsa can."

Suka matsa gefen kwamin da ake shayar da dabbobi. Matan suka yi kamar suna jan ruwa, kunnuwansu duk suna wajen.

"Ban zo faɗa ba," in ji Barakatu. "Kin san ni. Tambaya ɗaya zan yi miki."

"Ina jin ki."

"Ki rantse da littafinku mijinki ba shi da hannu."

"Kin san ba ma rantsuwa, Barakatu."

"To kar ki rantse. Dube ni kawai, ki ce bai san za su zo ba."

Liatu ta buɗe baki. Sai kuma ta fasa.

Abin da ya faɗo mata a rai shi ne wata rana bayan ɗaukewar ruwa, da ta ce wa mijinta Bitrus za ta je taya Barakatu daɓen ɗaki. Yana cin tuwo ya dakata, ya ce, "Ki ce mata ta bari, kada ta wahalar da kanta bana." Ta tambaye shi dalili, ya ce ba komai, ya wanke hannu bai ƙarasa tuwon ba.

Barakatu na kallonta. Ta ga amsar tun kafin a ba ta.

"Shi ke nan," ta ce a hankali. "Kin san yadda na yi kafin mai gidana, baban Aƙilu, ya yarda yaron ya shiga firamare. Kin san kukan da na sha. Yanzu ya fara haɗa baƙi, malaminsu na yabonsa. In aka tashe mu daga nan, ina za mu kai shanu a cikin garin nan? Daji za mu koma. Ya ajiye allon makaranta ya ɗauki sanda."

"Barakatu, wallahi ni ban..."

"Ga shi kin rantse yanzu."

Ta juya ta tafi.

Liatu ba ta san ta bar tulunta a bakin rijiya ba sai da ta kusa titi.

*

Sabon ginin Alhaji Mudi yana inda gonar gyaɗar maƙeri take a da. Bene ne, na farko a wannan gefen gari. A kusa da shi gidajen ma'aikata sun jeru, kwanonsu na ƙyalli, wani an kunna rediyo a baranda. Wata mata mai takalmi na tsaye a ƙofa tana kallon Liatu tun daga ƙafa har ka, sannan ta ɗan ja mayafi ta rufe hanci.

Liatu ba ta kula ta ba. Ta tsaya gindin tsani ta ɗaga kai.

"Baban Salome!"

Bitrus ya leƙo daga sama, cokalin gini a hannunsa. Yana ganinta fuskarsa ta canza.

"Lafiya? Yarinyar ce?"

"Sauko."

"Muna tsakiyar aiki, kwaɓin zai bushe."

"Ka sauko, ko in faɗi abin da ke bakina daga nan kowa ya ji."

Leburori suka daina kwaɓa siminti. Bitrus ya sauko da sauri, ya ja ta bayan tulin bulo.

"Me ya same ki? Kin taɓa biyo ni wurin aiki?"

"An taɓa ƙin amsa mini gaisuwa a bakin rijiya?"

Ya shiga goge hannu a wando.

"Me ya sa ba a shafa wa gidanmu fenti ba?"

"Au, so kike a shafa?"

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Liatu, ki koma gida. In na taso ma yi magana."

"Wane gida? Wanda yara suka fara jifa tun da asuba? Salome na ciki na kulle ta, tana tambayata me ya sa ƙawayenta suka ce ba za su sake wasa da ita ba. Me zan ce mata?"

Bitrus ya runtse ido.

"Ka san za su zo," ta ce. "Tun kaka ka sani."

"Na sani."

Ta zaci in ya amsa za ta yi ihu. Amma ba ta yi ba. Ta dafa bulo.

"Ashe gaskiyar Mairo ce. Kai ka nuna musu."

"Ban nuna wa kowa komai ba!"

"Gidan gaba a mota fa?"

"Katako muka je ɗaukowa tasha, direba ya ce in shiga gaba in nuna masa wurin. Shi ke nan abin da ya faru. Haka kawai za a mai da ni macuci?"

"To yaya aka yi ka sani?"

Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya rage murya har sai da ta matso.

"Ina gyaran dakalin zauren Alhaji aka yi maganar. Suna ciki, ina waje, ba su ɗauke ni a bakin komai ba. Alhaji na son layinmu gaba ɗaya, zai jera shaguna da gidajen haya har bakin titi. Masu awo suka ce masa ba za a iya tashin mutane haka kawai ba, sai in an sami wanda asalin wurin yake hannunsa, ya ce ya sallama."

"Ai kowa da gidansa."

"Kowa da ɗakinsa dai. Wa ya sare dajin? Wa ya fara kafa bukka a gindin ɗorawar nan tun ba kowa?"

Liatu ta san amsar. Kowa a unguwar ya san wannan. Tsofaffi na faɗa, da can wurin garke ne.

"Baffa Ummaru," ta ce. "Mahaifin..."

Ba ta ƙarasa ba.

"Faɗi mana," in ji Bitrus.

"A'a."

"Mahaifin Buba. Shi ya ba babana wuri da muka taso daga ƙauye, shi ya ba maƙeri, shi ya ba mijin Mairo. Da baki aka yi, don zumunci. Buba ya shiga zauren nan da ƙafarsa, Liatu. Ina durƙushe ina shafe dakali ya tsallake ni. Ya ce duk wanda ke zaune a layin nan aro ubansa ya ba shi, yau kuma magaji ya karɓi kayansa ya sallama wa Alhaji."

"Ƙarya ne. Buba? Mutumin da in ya gan ni yake sunkuyar da kai?"

"Shi."

"To ai har gidansa an shafa!"

"Shi ya ce a shafa. Ya ce a fara da nasa ma, don kada a gane."

Liatu ta zame ta zauna a kan bulo. Can nesa jirgin ƙasa ya yi kuka.

"Don me?"

"Ya gaji, in ji shi. Tunda aka fara ginin nan burtali ya toshe. Saniya ta leƙa lambun wani ma'aikaci, a kai shi ƙara. Maraƙi ya yi kashi a ƙofar wani, a zage shi gaban ɗansa. Alhaji ya yi masa alkawarin fili a wajen Mahuta, kusa da ruwa. Rabin shanun ma sun riga sun tafi, ƙaninsa ya kora su. Ya ce wa Barakatu kiwon rani suka je."

"Ba ta sani ba ke nan."

"Da ta sani da tuni unguwa ta kama da wuta."

Liatu ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Namu gidan fa?"

Nan ne Bitrus ya kasa haɗa ido da ita.

"Da suka fito, Alhaji ya lura na ji komai. Ya kira ni gefe. Ya ce, Bitrus, kai mutum ne mai amana, gidanka yana ƙarshen layi, ba zai tare mini komai ba. Zan bar maka shi. Amma ranar da maganar nan ta fita ta bakinka, ranar za a kawo fenti, kuma ka nemi wani wurin aikin."

"Ka yarda."

"Me kike so in yi? In ce a'a, ku rushe har da nawa?"

"Ka zo ka faɗa wa mutane! Da sun sani tun kaka, da dattawa sun tashi sun je sun kai kuka tun ba a kawo masu awo ba!"

"Sannan mu kwana ina? Ke da cikin nan, da Salome? Babana a ɗakin nan ya cika, ni na ɗora kowane tubali na katangar nan. Na yi ta tunani har barci ya gagare ni. Kin ɗauka daɗi nake ji in na wuce maƙeri yana gaishe ni?"

Ta sa hannu a kan cikinta. Ɗan da ke ciki ya motsa.

"Sai na faɗa wa Barakatu."

Ya kama wuyan hannunta.

"Kada ki soma."

"Sakar ni."

"Liatu, don girman Allah. In kin faɗa, gidanmu ya tafi, aikina ya tafi, auren ƙawarki ya mutu. Kuma ba zai hana a rushe na sauran ba, an riga an gama. Su yi ta zagina, na ɗauka. Wata rana za su gaji."

"Ba kai ke zuwa rijiya ba."

Daga saman gini wani ya ƙwala kira, "Malam Bitrus, kwaɓi na bushewa!"

Ya sake ta. Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya kama tsani.

"Ki shiga gida ki kulle. Kome suka ce, ki yi shiru. Kin ji ni?"

Ta juya ta kama hanyar gida.

*

A hanya ta yi ta juya abin. In ta faɗa, ta rusa gidanta da hannunta. In ta yi shiru, yaya za ta sake kallon Barakatu ta kan katanga? Ta fara addu'a, ta kasa haɗa kalmomin.

Tana shawo kwanar gidan akawu sai ta hango taro.

Mutane ne cike a ƙofar gidanta. Ba mata kaɗai ba, har da maza. Maƙeri na tsaye da hannuwa a baya. An fito da kwandunan kalwarta da ta rufe da ganye don ta ruɓa ta zama daddawa, an kifar da ɗaya a ƙasa, kaji sun taru a kai. Daga ciki tana jiyo kukan Salome tana bubbuga ƙyaure.

"Ga ta nan!" in ji Mairo.

Liatu ta kutsa cikinsu, ta isa bakin ƙofa ta juya musu fuska, ta jingina baya da ƙyauren.

"Mama! Mama!"

"Ina nan, Salome. Yi shiru, ina nan."

Maƙeri ya yi gyaran murya.

"Maman Salome, ba mu zo cin mutunci ba. Wanda ya kifar da kayanki bai kyauta ba. Amma an ce daga rijiya wurin mai gidanki kika nufa. To mu ma muna da hakkin mu ji. Wa ya ba da mu?"

"Baba, ku bari ya dawo..."

"Ke muke tambaya!" wani ya faɗa daga baya.

Barakatu ta fito daga cikin mata ta tsaya gabanta, kusa sosai.

"Ƙawa," ta ce. "Na san fuskarki. Kin tafi ba ki sani ba, kin dawo kin sani. Ko wane ne, faɗa mini. Ko mijinki ne, ke ba zan riƙe ki ba, na yi miki alkawari. Ni dai in san wanda ya fitar mini da ɗa daga makaranta."

Liatu ta ɗaga ido ta dubi taron.

Sai ta hango shi.

Can bayan taron, jikin ɗorawa, Buba na tsaye ya gicciya sanda a kafaɗa, malafa ta rufe masa rabin fuska. Ita yake kallo. Yau bai sunkuyar da kai ba.

Ya gane ta sani. Ita ma ta gane ya gane.

"Barakatu," ta ce da ƙyar, "mu shiga ciki, ni da ke kaɗai."

"A'a, a nan! A gaban kowa!" in ji Mairo.

"Faɗi, ƙawa."

Liatu ta ja numfashi. Ta buɗe baki.

"Ku ƙyale matar nan."

Kowa ya waiga. Buba ne, ya sauke sandar, yana takowa a hankali, mutane na ba shi hanya. Ya zo ya tsaya kusa da matarsa.

"Ku ƙyale ta, mace ce mai juna biyu, ba ta da laifi. Ni na san wanda ya yi. Na daɗe da sani, kunyar maƙwabtaka ta sa na yi shiru."

Liatu ta ji wani sanyi ya sauko mata. Zai faɗa da kansa. Allah na gode, zai faɗa da kansa.

Maƙeri ya ce, "To Malam Buba, muna saurare."

Buba ya ɗaga sandarsa ya nuna katangar da ba fenti.

"Da idona na gan shi a zauren Alhaji Mudi," ya ce. "Bitrus ne."